Abin da Ya Rage a Bakin Kersti

Halvar ya tarar da kwanon a kife, kunu ya malale har ƙarƙashin gado, uwarsa kuma ta juya fuska bango. Ma'aikaciyar da ke kula da ita tana tsaye a bakin ƙofa tana duba bayan hannunta, inda farce ya ja mata jan layi.

"Ka gani ko?" ta ce masa da Suwidanci, harshen ƙasarsu Suwidin. "Yau ma haka. Ni dai abinci na kawo mata."

Ya wuce ta. Ya tsallake kunun da manyan takalmansa na daji, ya zauna a gefen gado, ya yi wa uwarsa Kersti magana da yaren Dalska.

"Mama, me aka yi miki?"

Kersti ta waiwayo, idonta a bushe.

"Sukari. Tun safe nake gaya wa yarinyar nan ni da gishiri da man shanu nake shan kunu. Sai ta yi ta washe min baki tana tura min cokali kamar ta samu ɗan maraƙi. Na ce ta bari, ta ƙi. To me zan yi?"

Matsalar ke nan, ba wata ba. Tun da hawan jini ya buge ta a sanyin bara, Suwidanci ya zube daga kanta kaf, ko gaisuwa bai bari ba. Yaren da malamin makaranta ya cusa mata da bulala tana ƙarama, shi ne ya fara guduwa. Wanda ake dukanta a kansa, Dalska, yaren ƙauyensu na Loka, shi ya zauna daram. A gidan tsofaffin da aka ajiye ta kuwa babu ma'aikaci ko ɗaya da ke jin sa. Sai suka rubuta cewa tsohuwa ta rikice, tana faɗa, ba ta cin abinci. Ta kuwa rame, zoben aurenta har faɗowa yake yi daga yatsa.

Halvar direban motar gungume ne, kwana da yini yana kan hanya tsakanin daji da injin yankan katako. Ba zai iya zuwa sau uku a rana ya ba ta abinci ba. Don haka daga ɗakin ya wuce kai tsaye ofishin Agneta, shugabar kwamitin gidan. 'Yar kudu ce, aiki ya kawo ta garin Älvdalen, kuma ba muguwar mace ba ce. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona wa Halvar rai, don da muguwa ce da ya san yadda zai yi da ita.

"Ranar Juma'a za mu zauna," in ji ta. "In dai ba ta ci, tana kuma yakushin ma'aikata, dole mu mai da ita sashen masu rikicewa a birni."

Halvar ya san wurin. Tafiyar rabin yini ce zuwa da dawowa, ƙofofinsa kuma ba a buɗe su daga ciki.

"Uwata ba ta rikice ba. Ba a jin ta ne. Ku ɗauki Marit aiki, maƙwabciyarmu. Ta yi girki a makaranta shekara da shekaru, yanzu tana zaune. Ta zo da rana ta ba ta abinci, shi ke nan."

"Halvar, ba za mu buɗe sabon aiki don yaren da ba a yi ba."

"Wa ya ce miki ba a yi?"

"Kunnena. Na daɗe a garin nan. Ina shiga kanti, ina shiga coci, ina zuwa biki. Ban taɓa jin mutum biyu suna hira da shi ba. A allon bakin titi kawai nake ganin sa."

Ya fito yana huci. Ba ƙarya ta yi ba, kuma ya san dalili. Mutanen kwarin nan suna da wata kara da aka haife su da ita. Ko su ashirin ne suna hira da Dalska, da zarar baƙo ɗaya ya tako, sai kowa ya juya harshe zuwa Suwidanci, ko da a tsakiyar magana ne. Ba a barin baƙo a tsaye a bayan zance. Haka iyaye suka yi, haka kakanni. Babu wanda ke cewa a juya, bakin ne ke juyawa da kansa.

A makon nan kuma garin ya cika da malaman jami'a. Taron Dalska ake yi a zauren silima, an haɗa shi da na masu binciken yadda harshe ke zama a cikin ƙwaƙwalwa. Sun zo daga Uppsala, daga Oslo, daga Kopenhagen, kowa da kati a wuya da jaka a kafaɗa. Halvar ya ji cewa ranar Laraba Agneta za ta je ta yi wa baƙi maraba, ta sha kofi da su. Sai dabara ta faɗo masa. Tunda kunnenta take kafa hujja da shi, to zai cika mata kunnen.

Ya bi Loka gida gida. Ya fara da Marit, ya same ta tana gasa gurasa.

"Taron farfesoshi? Ni da ko takalmin kirki ba ni da shi?"

"Ba ƙafarki za a duba ba, bakinki nake so. Wanda kike damun mu da shi tun muna yara."

"Ka ji mara kunya. Ni na goya ka, ka tuna."

"To ki zo ki goya uwata."

Elof, tsohon ma'aikacin injin katako mai yatsu uku a hannun dama, tambaya ɗaya ya yi.

"Akwai burodi mai kirfa?"

"Akwai."

"To ko da Sinanci suke so zan yi musu."

"Dalska nake so, Elof. Kuma ku ji ni da kyau. In Agneta ta zo kusa, kada wanda ya juya. Ko ta gaishe ku, ku amsa da namu. Sau ɗaya dai a rayuwarku."

"Haba Halvar," in ji Marit, "sai ka ce yara kake wa magana."

Ranar Laraba suka hallara su fiye da goma, tsofaffi da masu kusantar tsufa, kowa ya sha kayan coci. Aka zaunar da su a layin baya. Wani dogon farfesa ɗan Denmark mai suna Mogens yana kan dandamali, ya haska hoton ƙwaƙwalwar mutum a bango, an shafa mata ja da shuɗi. Rabi da Turanci yake yi, rabi da Suwidanci. Abin da Halvar ya tsinta shi ne wai harshen da mutum ya sha a nono ya fi kafuwa a kai, wai in ciwo ya zo yakan kwashe na baya ya bar na farko. Jama'a suna ta rubutu. Halvar ya harɗe hannu a ƙirji. Wannan abin da ya hau jirgi ya zo faɗa, shi yana ganin sa kullum a ɗaki na ƙarshen baranda, da kunu a ƙasa.

Elof ya yi barci tun hoto na biyu.

Da aka fito shan kofi sai mutanen Loka suka kama tebur guda, kuma gaskiya sun yi abin da aka kawo su yi. Dalska ya tashi kamar kasuwa. Marit tana ba da labarin saniyar da ta shiga coci, Elof yana ƙaryata ta yana cewa akuya ce, kuma ta gidansu Marit ɗin ce, shi ya sa ta san hanyar mumbari. Dariya har da buga tebur. Malamai suka fara matsowa, suna kasa kunne, suna kallon juna kamar mafarautan da suka hango nama. Halvar ya ji ƙirjinsa ya ɗan saki. Yana ta leƙen ƙofa.

Sai ga Agneta da kofi a hannu, tana ratsowa cikin mutane tana murmushi. Ta nufo teburin.

Marit tana tsakiyar cewa saniyar ta tsaya gaban limamin coci. Rabin farko na maganar da Dalska ya fito. Rabin ƙarshe da Suwidanci.

"Agneta, sannu da zuwa! Zauna nan, ga kujera."

Elof ya miƙe ya turo mata farantin burodi, shi ma da Suwidanci, har da lanƙwasa murya irin ta rediyo. Daga wannan kusurwa zuwa waccan teburin ya juya baki ɗaya, kamar ciyawa in iska ta kaɗa. Aka shiga zancen ruwan sama da ramukan titin Loka.

Agneta ta dubi Halvar. "A'a, kai ma ka zo? Ya aiki?"

"Lafiya lau, na gode."

Sai da maganar ta fita ya ji da wane yare ta fita. Ya tsaya baki buɗe. Shi da ya bi gida gida yana gargaɗi. Ji ya yi kamar ya ciro harshen ya taka.

Ta sha kofinta, ta yaba burodin, ta duba agogo. Da za ta tafi ta dafa hannunsa a hankali, ta rage murya.

"Ka gani ko? Har a taron Dalska. Ba don in ɓata maka rai ba, Halvar. Sai Juma'a."

Ta fita. Ƙofa ba ta gama rufuwa ba Marit ta ɗora labarin saniya daga inda ta tsaya, da Dalska tsantsa, ba ta ma san ta yi wani abu ba.

Halvar bai samu ya haɗiye wannan ba sai ga Farfesa Mogens a kansa, yana miƙo hannu, idonsa na ƙyalli.

"An ce kai ne ɗan matar da Suwidanci ya ɓace mata gaba ɗaya? Gaskiya ne? Ko kalma ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Abin mamaki! Ka san irin wannan ba a samun su yanzu. Za ka ba mu izini mu ɗauki muryarta? Da wuri zai fi, ka gane, kafin..."

Bai ƙarasa ba. Halvar ya ɗaga hannun nan nasa mai kama da shebur ya sauke a tebur. Kofuna suka yi tsalle, madara ta kife a cinyar Elof. Kowa a zauren ya waiwayo. Bai ko kalli farfesan ba. Mutanensa ya juya wa, da Dalska, da muryar da yake kiran yaran lodi a cikin ƙarar inji.

"Kafin ta mutu yake nufi! Kun ji? Shi aƙalla ya faɗi abin da yake so. Ku fa? Me na roƙe ku? Kuɗi na roƙa? Gona na roƙa? Cewa na yi ku riƙe bakinku na ɗan lokacin shan kofi! Mace ɗaya ta tako da jaka, duk kuka zube kamar karnukan da aka ɗaga wa sanda. Har ni! Har ni, ɗan banza! An doke iyayenmu a kan yaren nan, malaman da suka yi dukan sun mutu sun ruɓe, mu kuma mun karɓi bulalar muna dukan kanmu, muna kiran abin ladabi. Kullum kuna kuka wai jikoki ba sa yi. Ina za su ji? A ɗaki kuke ɓoye shi kamar cikin shege! Marit, ke da Mama kuka yi kiwo tare a rugar tudu, kwano ɗaya kuka ci. Yau kin sayar da ita don kada baƙuwa ta ji kunya. Za a kulle ta a birni cikin mutanen da ko ruwa ta roƙa ba za su sani ba. Ku ci burodinku!"

Da ya tsaya shan iska sai ya ga wayoyi. Malamai sun ɗaga su sama, suna ɗauka. Wata budurwa mai tabarau tana rubutu da sauri. Can baya wani ya fara tafi, ya zaci cikin shirin taron ne, sai da na kusa da shi ya riƙe masa hannu.

Marit ta yi fari fat. Ta ɗauki jakarta, ta gyara ɗankwali, ta fita. Elof ya goge cinyarsa, ya sa hula, ya dubi Halvar sama da ƙasa.

"Ubanka ma haka yake. Baki kamar zarto."

Suka watse ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi da farfesoshi.

Washegari da rana ya ajiye motar da lodinta a bakin gidan tsofaffin, inda aka hana ajiye ko keke. Ya shiga da gishiri a aljihu. Tun daga baranda ya jiyo muryoyi. Ya tura ƙofa. Marit ce zaune a bakin gado da tukunyarta ta gida, man shanu yana narkewa a tsakiyar kunu. Elof yana kan kujera ya miƙe ƙafa, yana gardama da Kersti a kan wanda ya fara kawo babur Loka. Babu wanda ya gai da Halvar.

"Marit..."

"Kada ka kira sunana. Ba don kai na zo ba. Buɗe baki, Kersti, kada ki kula shi. Ɗanki ya zage ni a gaban malaman duniya, har a waya aka ɗauka."

"Ai tun yana goye haka yake," in ji Kersti, ta karɓi cokali. "Cizo ya fara koya kafin magana."

Ta shanye kwanon tas, ta nemi ƙari.

Ranar Juma'a da hantsi, kafin kwamiti ya zauna, Agneta ta zo ta ga mai jinyar da idonta. Halvar yana jingine da taga. Marit tana ba da kunu tana labari. Aka ƙwanƙwasa, ƙofa ta buɗe.

"Barkanku da hantsi," in ji Agneta.

Halvar ya zuba wa bakin Marit ido. Ya ga leɓenta ya motsa, ya ga gaisuwar Suwidanci ta taho har bakin haƙori. Cokali ya tsaya a iska. Wuyanta ya yi ja har kunne. Sai ta haɗiye, ta dubi kwano, ta amsa gaisuwar da Dalska, ta ci gaba da labarinta.

Elof ya kafa ido a ƙasa kamar wanda aka kama da sata. Shi kansa Halvar gumi ya keto masa. Baƙuwa a tsaye a tsakiyar ɗaki, ana magana ana wuce ta, ba ta san ko zaginta ake ba. Duk jikinsa yana ce masa wannan ba tarbiyya ba ce. Ya dantse haƙora.

Kersti ta leƙo ta gefen Marit.

"Wace ce wannan ta tsaya mana kamar turken shanu? Ba ta da baki ne? Ku ba ta kujera mana, ko yunwa take ji?"

Elof ya fashe da dariya, Marit ta toshe baki. Agneta ta dubi wannan, ta dubi wancan, fuskarta ta yi ja. Ta daɗe a tsaye a haka, ta fi yadda kowa ya zata. Ta ga tsohuwar da aka rubuta mata ta rikice tana ba da amsa, tana tsokana, tana nuna wa Marit inda man bai narke ba. Ta ga kwano ya koma fanko. Sannan ta juya ta fita a hankali.

Da yamma shugabar ma'aikata ta kawo saƙo. Ba za a kai Kersti birni ba, a yanzu dai. Marit ta sa kuka, Elof ya ce a kawo kofi.

"Aikin Marit fa?" in ji Halvar.

Matar ta gyara murya. Kwamiti ya ga babu buƙata, tunda maƙwabta suna taimakawa yadda ya kamata. Har an ce a yi musu godiya.

Halvar ya yi wata irin dariya marar daɗi.

"Godiya. Kun ji? Sun gano za mu yi musu a banza."

"Kai dai ba a iya maka," in ji Marit tana share ido. "Uwarka ta tsira, me kuma kake nema?"

"Gwiwarki nake dubawa. In ƙanƙara ta sauka, wa zai hau tudun nan sau uku a rana? Elof? Ranar da kika kwanta, kwano zai koma ƙasa, su kuma su ciro takardarsu ta birni."

Marit ta shafa gwiwarta, ta jawo tukunyarta ta rufe.

Ranar Litinin da safe, kafin ya tafi daji, ya shiga ofishin Agneta da kayan aikinsa, ƙurar katako har gira. Ya ja kujera ya zauna ba a ce masa ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya fara bayani dalla-dalla, abin da uwarsa ke ci, lokacin da take ci, da dalilin da ya sa dole a ɗauki Marit. Duk da Dalska.

"Halvar, na san kana jin Suwidanci."

Ya ci gaba.

"Halvar, ba na gane ko kalma ɗaya. In haka za ka yi sai an nemo mai fassara, kuma mai fassara biyan sa ake yi."

Ya gyaɗa kai. Ya faɗi sunan Marit a fili, yadda ko kurma zai ji, ya nuna mata wayar da ke kan teburinta. Ta dube shi, ta dubi wayar, ba ta ɗauka ba. A waje motar gungume ta tare rabin titi, masu ƙananan motoci sun fara danna oda. Halvar ya gyara zama, ya koma farkon bayanin.